Inuwar Daɓen Balaraba

Mushe Hamisu, yadda muke kiran malaman boko, malamin lakwal ɗin nan da ke zaune gidan Hajiya bayan masallaci, shi ya fara gaya mani zancen tauraro mai zobe. Sa sunanshi farko cikin rubutun nan, Farida jikata. Har yau bai san abin da ya tono ba.

Cikin azumin da ya wuce ne, bayan azahar, muna zube ƙarƙashin dogon yaro kowa bakinshi ya bushe. Ya hiddo salula ya ce, "Baba, matso ka ga ikon Allah." Na ce mashi ni ikon Allahn da nike jira shi ne faɗuwar rana. Ya yi dariya, ya dai tura mani ita gaban ido. Wani tauraro ne wai shi Zuhal, da zobe mai faɗi kewaye da shi, kamar an huda faifai an zura goruba tsakiya. Kuma wata gare shi ba ɗaya ba, tuli. Ya ce can ba a rasa ba, shekara goma sha wani abu, rana kan zo daidai bakin zoben, ba ta bisa ba, ba ta ƙasa ba. Sai zoben ya dushe ka ce babu shi. Lokacin ne watannin nan ke jefa inuwa doguwa siririya bisanshi, abin da ya ɗan taso ko kaɗan sai ya yi inuwa mai tsawo, shi kuwa zoben da duk faɗinshi sai ya rasa tashi.

Na ce, "Mushe, azumi ne ke ɗibarka."

Sai ya karɓe mahucin da ke hannuna, ya hita cikin rana, ya juya bakinshi ya dubi rana. Inuwar mahucin ta tsuke ta koma kamar zare. Ya ce, "Ka gani? Mahuci na nan, inuwa ce ta tahi. Mu ma nan kwanakin ga, tsakiyar gabas rana take hitowa. Da ɗari takan karkata kudu, da damina ta koma arewa. Yanzu ne take tsakiya."

Ban san sa'ad da na miƙe ba. Sai da na kai ƙohar gida zahin ƙasa ya tuna mani na baro takalmana.

To, bari in gaya maki wace ce Balaraba, don ke goye kike sa'ad da ta rasu.

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goya ni, ita ta fara marina. Gajera ce, baƙa, da wushirya, hannunta kamar na namiji. In ta yi dariya bakin tabki, masunta na jin ta daga cikin jirgi. Ubanmu masunci ne, amma shina da garka bakin tabkin Madarunfa, wajen da ruwa ke ruhewa da damina ya janye da rani. Kin san ƙasar wurin: in ruwa ya janye sai ya bar laka sumul kamar an shahe ta da hannu, ba ka sanin inda taka ta tsaya, ta maƙwabci ta fara. Shi ya sa ubanmu ya ce shi ba ya rigima da kowa bisa laka. Ya yi rani guda shina jido marmara da jaki, shina jiƙa makuba, ya ja ɗan tudu siriri daga gabas zuwa yamma, ya daɓe shi kamar tsakar ɗaki. Arewa da shi tamu, kudu da shi ta maƙwabcinmu, uban Illo. Balaraba na ƴar yarinya lokacin, ita ke riƙe madaɓi na biyu. Har ta tsufa akwai kanta ga tahin hannunta, tana cewa na daɓen Baba ne. Tun da ranshi ya ce garka tata ce, tunda guminta ne ciki. Ban yi gardama ba, ni kihi na sani.

Ta yi aure Safo, ta haihi uku, biyu sunka koma. Da mijin ya rasu ta dawo gida da ɗiya guda da akuya, ta shiga garka. Tumatir, kabewa, dankali, tattasai. Matan Maraɗi masu saro sai sun ga kwandunanta sun ƙare kana su dubi na wasu. Ba ta iya ciniki da daɗin baki ba. In kin taya ƙasa sai ta ce, "Ajiye, ɗiyata, bai yi kama da bakinki ba."

Illo kuwa tsarana ne, tare munka koyi iyo. Dogo, mai sanyin murya, mutumin da in shina cutarka sai ka ji kamar gaisuwa yake.

Wata shekara gulbi ya kawo ruwa irin wanda tsohi ba su taɓa gani ba. Ƙarhinshi ya ɓalle mashi hanya, sai ya janye da wuri, cikin ɗari, ya bar laka ta binne komi. Daɓen Baba da muke tuntuɓe da shi ya ɓace. Sai Illo ya ce ai dama iyaka ba nan take ba, can take ga kututturen gawo, arewa. In an bi tashi, duk ƙasa mai damshi ta zama tashi, Balaraba ta tashi da ɗan tudun rairayi inda ko ƙaya sai ta yi shawara kahin ta tsiro.

Al'adar wurin ga, in an yi rigimar iyaka bisa sabuwar laka, mai gari kan kafa sanda da ganyen kaba ɗaure. Daga nan ba ƙafa, ba ƙarhe, ba wanda ke taɓa ƙasar. Ba a tono, don wanda ya tona shi ke hiddo abin da yake so. Dattawa kan zo da hitowar rana su tsuguna, su sa ido ƙasa-ƙasa. Tsohuwar iyaka ko laka ta ruhe ta, takan ɗan kumburo, ko kaurin yatsa ne, rana na leƙowa sai ta yi inuwa. Inuwa ita ce shaida.

Balaraba ba ta damu ba. Ta tashe ni da asuba ta ja ni bakin tabki, munka tsuguna. Rana na hitowa sai ga ta, baƙar inuwa miƙe sak daga gabas har yamma, ta kwanta wajen arewa, cikin ƙasarta. Ta dake ni ga kafaɗa ta ce, "Ɗan Baba, ga tsohonka can kwance, bai je ko'ina ba." Ni na gan ta da idona. Amma ƙane ba ya shaidar ya.

Anka sa rana, Illo ya ce surukarshi ba lahiya. Anka sake sawa, ya tahi Jibiya sayen komar kamun kihi. Anka sake, wai ƙafa ta kumbura mashi. Kullum kuwa da asuba ana ganinshi cikin jirgi kusa da wurin, wai shina duba birgin da ya ɗana ma kihi. Ɗari ya wuce, zahi ya fara, mangwaro ya fara ja. Ran nan sai ga shi da kanshi ƙohar mai gari, ya ce shi ya gaji da jan rai, a zo gobe a duba.

Gari ya taru. Dattawa sunka tsuguna, Balaraba na tsaye da hannu ga ƙugu. Rana ta hito. Farida, laka ta yi ja sumul kamar sabon kasko. Ba komi. Ƴar tsakuwa na da inuwa, sawun balbela na da inuwa, daɓen Baba babu.

Ta ce, "Ku dakata, ta ƙara tasowa." Sunka dakata. Ta ce a bar ta ta tona da hannunta, ba da ƙarhe ba. Mai gari ya ce ba a yi. Sai Illo ya sunkuyar da kai, da muryar nan tashi, ya ce, "Ranka shi daɗe, a yi mata haƙuri. Yayata ce. Zaman takaba da rashin ɗiya na sa mutum ya ga abin da babu."

Wallahi da zaginta ya yi da ya hi.

Ta dube shi ta ce, "Illo, ni na hiddo ka daga ruwa kana shan laka, kana kiran uwarka."

Ya ce, "Shi ya sa nike roƙa maki, Yaya."

Wani ya yi dariya daga baya. Daga wannan dariya ba ta sake zama mutum cikin garin ga ba. Anka cire sanda. Ran nan Illo ya dasa kabewa, kahin wata guda ganye ya ruhe ƙasa.

Mu kuwa me za mu ce? Abin da munka gani da ido ya ɓace, ai sai asiri. Mu duka biyu munka yarda Illo ya sa an haɗiye daɓen ne. Ta saida akuyarta ta bi masu magani. Wani can wajen garin Sarkin Yamma ya ba ta ƙwai ta binne, wani ya ce ta yi wanka da ruwan rijiya bakwai, wani ya ce aljanin tabki ne ya ɗauke shi ya kai ƙarƙashin ruwa, sai an ba shi baƙin bunsuru. Ta ba shi. Wata rana tsakar rana ta kasa daurewa, ta shiga garkar ta fara tono da hannu. Kahin ta kai zurhi ɗiyan Illo sunka kama ta, ya tara mutane ya ce ga ta nan ta zo binne mashi sammu. Daga nan yara sunka sa mata suna, Balaraba mai iyakar aljannu. In ta ce an ga wata sai a ce a tambayi wani. In ta ce hadari ya taso, mata su ce, "To, a shanya gero."

Ta koma ƙodago cikin garkunan mutane, ita da matan Maraɗi ke layi gabanta. Dariyar nan ta tahi. Ba ta sake zama ta huskanci tabki ba, ko gidan biki ne sai ta juya tabarma. In za ta sayi tumatir sai ta tambayi garkar da ya hito, in an ce ba a sani ba ta bar shi, ta yi miyar kuka. Haka ta yi ta yi har ta tsufa, ɗiyarta ta yi aure nesa don ba wanda ke son surukuta da mai aljannu.

Ran da za ta cika, da hantsi, liman ya zo ya ce ta yahe ma duniya. Ta ce ta yahe ma duniya. Ya ce har da Illo. Ta ruhe ido kamar ba ta ji ba. Da ya hita ta kama hannuna ta ce, "Ɗan Baba, na san ka da taushin ciki. Kada in ji ka yahe mashi da sunana." Na ce ba ni yi. Ban kuwa yi ba.

To kin ji abin da ya tashe ni ba takalmi. Da na iso gida na ɗauko tsohuwar taɓarya na kwantar da ita tsakar gida, kai gabas, gindi yamma, na danna ta cikin ƙasa rabi. Da sahe na tsuguna. Ba inuwa. Uwarki ta ce, "Baba, taɓaryar ga fa?" Na ce wanda ya taɓa ta ya taɓa ni. Kin tuna kuna ce mani na fara ruɗewa. Damina ta faɗi, inuwa ta hito ta kudu. Wajen kaka ta tsuke ta ɓace. Yanzu da ɗari ya shigo ga ta nan ta arewa, kullum ƙara faɗi take.

Ba asiri, ba aljani, ba bunsuru. Mutum ne ya zauna cikin jirgi kullum sahe shina kallon inuwa tana ramewa, ya ƙirƙiro ciwon suruka da kumburin ƙafa har ta ƙare, kana ya kira gari. Bai san Zuhal ba, bai san zobe ba, amma abin da ya yi kenan. Sai kuma na tuna wani abu. Ruwa bai cika barin wurin da wuri ba, sai zahi ya fara. Amma duk shekarar da ya janye cikin ɗari, Illo kan yi sauri ya watsa karan gero bisa lakar, wai taki. Mutane har yaba mashi suke. Ashe daɓen na nan, shi ya hi kowa sani. Garkar bakin tabki ba a yi mata huɗa, rami ake yi da sanda a dasa, to me zai taɓa marmara da makuba?

Bana gulbi bai kawo ruwa sosai ba. Tun kaka na san wurin zai buɗe cikin ɗari. Illo kuwa ciwon yana ya ruhe mashi ido biyu, shekara da shekaru sai an ja shi. Ɗanshi Habibu ke riƙe da garka, shi kuma bai san zancen kara ba. Ina uban zai gaya mashi? Ya ce, ɗana, ni ɓarawo ne, ga inda za ka ruhe?

Da na bar shi haka da komi ya zo da sauƙi. Amma na kwanta na yi tunani. A tara gari, inuwa ta hito, kowa ya gani, shi kaɗai bai gani ba? A gaya mashi da baki, ya ce shi makaho ne, Allah ya sani? Balaraba da idonta biyu ta tsaya ta ga laka ba komi. Shi ma da idonshi biyu zai tsaya.

Da na ji lokotoron ido sun zo Maraɗi suna cire yana, na tako har gidansu. Na samu Habibu na ce, "Kai wane irin ɗa ne? Ubanka na lalube bango kana nan kana shan shayi." Na bi shi da gori har ya ɗauke shi bisa moto. Na yi mashi addu'a cikin masallaci da ƙarhi, Allah shi ba Illo lahiya, Allah shi ja kwananshi. Liman har ya kawo ni misali ran Juma'a, wai ku dubi Ɗan Baba. Na ce amin.

Anka kwance mashi ido, ya gani. Ya zo gidan ga da ƙafarshi, da kihi busasshe cikin leda. Ya zauna nan inda kike.

Ya ce, "Ɗan Baba, ashe haka ka tsufa? Da na sani da na bar yanata."

Na ce, "Kai ma ba ango ba ne. Kana gani dai sosai?"

"Har tururuwa."

"Abu siriri fa, daga nesa? Kamar zare bisa ƙasa?"

"Ko gashi ne."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Haka nike so."

Ya ce bai zaci haka daga gare ni ba, bayan abin da ya wuce. Na ce me ya wuce? Muna cikin haka ya juya zai tofar da yawu, idonshi ya faɗa bisa taɓarya. Da hantsi ne, inuwarta na nan kwance ta arewa. Ya dube ta. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya sake dubanta. Ya daɗe.

Ya ce, "Taɓaryar ga ta kwana biyu nan."

Na ce, "Tun azumi. Tsohuwa ce, amma ba ta ruɓe ba."

Ya ɗauki sandarshi. Ya tashi, ko sallama ta kirki babu. Kihin na ba kyanwa.

Ban yi nadama ba, rubuta wannan. Ido na ba shi don ya ga abu guda, kuma sai ya gan shi. Sai dai na san yanzu tsere muke, tsohi biyu da sanda.

Jiya da sahe na je bakin tabki. Ruwa ya saki gabashin wurin, yammacin da saura kaɗan. Lakar ɗanya ce, ba ta ɗaukar ƙafa. Na tsuguna, gwiwa na ƙara, rana ta leƙo ta wajen kudu. Farida, ga shi nan. Baƙi, miƙe sak, ya kwanta arewa cikin ƙasar Balaraba, ya tahi har ya shige ruwa. Na ce, "Yaya, ga tsohonki." Ban yi kuka ba, ba lokacinshi ba ne. Da na ɗago sai na hangi Illo can tsallake bisa tudu, tsaye, ya kare ido da hannu.

Da la'asar anka ce mani amalanken Habibu ta yi sawu biyu tana jido kara, an jibge bakin garka. Wai kuma tsoho ya matsa mashi ya nemo tarakta bana, a yi huɗa mai zurhi da laka ta sha iska. Habibu na ta mamaki, wai tunda idon baba ya buɗe ya zama mai son ci gaba.

Abin da nike so ba shi da yawa. Garkar ta koma ga ɗiyar Balaraba, wannan daban. Ni so nike a kafa sanda, gari ya taru, har waɗanda sunka yi dariya in da sauransu, da yaran da sunka sa mata suna, yanzu duk da hurhura. A tsayar da Illo inda ta tsaya. In rana ta hito in ce, "Ranka shi daɗe, a yi mashi haƙuri, tsarana ne." Da irin muryarshi zan faɗe ta, na daɗe ina gwadawa.

Amma sai sanda ta kahu, kahin nan kara ɗaya ya isa ya ɓata komi. Mai gari na yanzu, ɗan wancan, ya tahi Safo gaisuwar mutuwa tun shekaranjiya, an ce sai an yi addu'ar uku. Ba ni iya jiran uku. Ajiye alƙalamin nan haka, ki leƙa gidan Hajiya ki ce ina aron jakinta da amalanke, zan bi mai gari Safo. Ki yanko mani ganyen kaba bisa hanya, in tahi da shi hannu, kada ya ce bai da abin ɗaurawa. Miƙo mani takalman.